Bayan An Ƙone Shinkafar, Me Suka Ci?

A ɗakin watsa shirye-shiryenmu akwai wata takarda manne a bango, jerin ranakun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe: ranar ruwa, ranar mata, ranar rediyo, har da ranar banɗaki. Duk safiyar da labari ya yi ƙaranci, can muke kai ido. Wata ranar 5 ga Nuwamba na duba sai na ga an rubuta ranar faɗakarwa a kan tsunami, wato igiyar teku da girgizar ƙasa ke tasowa. Dariya na fara yi. Mu da ba mu da ko taku ɗaya na gaɓar teku, ina ruwan biri da gada? Amma ina da minti huɗu da ya kamata in cike kafin labaran ƙarfe bakwai, sai na yi ɗan bincike a waya, na tarar da labarin da ya sa aka zaɓi ranar, na kuwa karanta wa masu sauraro shi da murya mai daɗi.

Ga yadda na ba da shi. Wani tsohon mai gari a Japan yana zaune a gidansa bisa tudu, ƙasa ta ɗan motsa, ya hango teku yana ja da baya. Ya gane abin da ke tafe. Mutanensa suna can ƙasa suna shirin biki, ba su san dawan garin ba, kuma babu lokacin aika manzo. Sai ya ɗauki bakin wuta ya cinna wa damman shinkafarsa, noman shekara guda cur. Jama'a suka hango gobara, suka rugo tudu don kashewa, teku ya zo ya share ƙauyen, ko mutum ɗaya bai mutu ba.

Da na buɗe layin waya, wani dattijo ya kira daga hayin kogi a nan Yamai. Ya ce shi manomin shinkafa ne, kuma a ambaliyar 2020, da jingar unguwarsu ta ɓalle, ruwa ya cinye masa gona da gida. Ya ce, "Ɗana, labarinka ya yi daɗi. Amma ina da tambaya. Bayan ya ƙone shinkafar, teku kuma ya tafi da gidajen, me suka ci?"

Na ce, "Baba, Allah ya ja kwana, za mu bincika." Na saka kiɗa.

Ban taɓa taka ƙasar Japan ba. Amma tambayar nan ta sa na shafe watanni ina karatu a kan wani ɗan gari da ko Japanawa da yawa ba za su iya nuna shi a taswira ba, kuma abu na farko da na gano shi ne kusan duk abin da na faɗa a wannan safiya ba haka ya faru ba.

Sunan garin Hirogawa. Yana jihar Wakayama, a kudancin babban tsibirin Honshu, tafiyar ƙasa da awa biyu a jirgin ƙasa daga Osaka. Faɗinsa wajen murabba'in kilomita 65 ne, yawancinsa duwatsu da kurmi, kuma a ƙidayar 2020 mutanensa ba su kai dubu bakwai ba. Sai a 1955 aka haɗa ƙananan hukumomi uku, Hiro da Minami-Hiro da Tsugi, aka ba su sunan kogin da ya ratsa su. Tsugi ce ta cikin duwatsu, inda tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada zuwa Kumano ta bi. Hiro kuma, wadda labarinmu ya shafa, ita ce ta bakin ruwa: ɗan fili shimfiɗaɗɗe a ƙuryar wani lungun teku da ya buɗe baki yamma. Lungun nan shi ne arzikin garin, domin yana kare jiragen kamun kifi daga iska. Shi ne kuma masifarsa. Igiyar da ta shigo ta faffaɗan baki, idan ta iso ƙurya inda wuri ya tsuke kuma ruwa ba zurfi, ba ta da inda za ta sai sama.

Can kudu da gaɓar, a ƙarƙashin teku, akwai wani dogon kwazazzabo da ake kira Nankai, inda wani faifan ɓawon duniya ke kutsawa ƙarƙashin wani, ƴan santimita kaɗan kowace shekara. Ƙarfi yana taruwa, yana taruwa, sai bayan shekara ɗari ko ɗari da hamsin ya ɓalle gaba ɗaya. Ya ɓalle a 1605, ya ɓalle a 1707, kuma a wannan karo na biyu ya yi wa Hiro mummunar ɓarna. Tun kafin nan ma, a ƙarni na 15, sarakunan yankin na gidan Hatakeyama sun jera duwatsu a bakin ruwa don tare igiya, kuma ragowar ginin nasu na nan har yau. Ke nan mutanen Hiro ba baƙi ba ne ga halin teku. Sai dai tazarar da ke tsakanin masifa da masifa ta fi tsawon ran mutum, wanda ya gani da idonsa ya riga ya mutu kafin ta dawo.

Ƙetaren kogin akwai garin Yuwasa, wanda ake ɗauka a matsayin mahaifar shoyu, baƙin ruwan ɗanɗano da ake haɗawa da waken soya da alkama da gishiri a bar shi ya ruɓa watanni a manyan gangunan katako. Matsayinsa a tukunyar Bajapane kamar na daddawa ne a tamu. Fili ya yi wa mutanen wannan gaɓa kaɗan, saboda haka tun ƙarni na 17 suka zama mutanen ci-rani. Suna bin igiyar ruwan ɗumi da ke gangarawa gabas har zuwa Coshi, wani gari da ke gabas da Edo, wato Tokyo ta yau, suna kamun kifin sadin da ake busarwa a sayar wa manoman auduga a matsayin taki. Wani mutumin Hiro mai suna Hamaguci Gihei ya bi wannan hanya, ya kafa masana'antar shoyu a Coshi a 1645. Kamfanin Yamasa ke nan, yana nan da ransa har gobe. Abin lura shi ne gidan Hamaguci ba su taɓa yanke cibiya da ƙauyensu ba. Kuɗi a gabas ake nema, amma gida yana Hiro, maigidan yana kai da komo tsakanin wuraren biyu, tafiyar ɗaruruwan kilomita.

Magaji na bakwai a gidan shi ne Hamaguci Goryo, wanda aka haifa a Hiro a 1820. Shi ne "tsohon mai garin" da na ba masu sauraro labari. A ranar da abin ya faru shekarunsa 34, ɗan kasuwa ne, bai riƙe sarautar gari ba, kuma gidansa a ƙasa yake cikin sauran gidaje, ba bisa wani tudu ba. Mutum ne mai son ilimi da abokantaka da masu sabon tunani. Tun 1852 shi da wasu abokansa suka buɗe wa samarin ƙauyen makaranta, wadda daga baya aka raɗa wa suna Taikyu. Lokaci ne na ɗar-ɗar a ƙasar: jiragen yaƙin Amurka sun zo a 1853 sun tilasta wa Japan buɗe ƙofofinta, gwamnatin shogun a Edo tana tangal-tangal.

Girgizar ba guda ba ce, biyu ce. Ta farko ta zo da hantsin 23 ga Disamba 1854, cibiyarta tana can gabas. Ruwan lungun ya yi ta hawa da sauka ba bisa ƙa'ida ba, Goryo ya shawarci jama'a su hau tudun wurin ibada na Hiro Haciman, mata da yara da tsofaffi suka kwana can. Washegari teku ya lafa, kowa ya koma gida yana gyara abin da ya zube. Da la'asar, wajen awa 32 bayan ta farko, ta biyu ta zo, kuma wannan karon cibiyarta kusa take. Masana na ƙiyasta ƙarfinta da maki 8.4. Ba wata ƴar motsi ba ce da sai mai hikima zai lura, girgiza ce da ta zubar da rufin gidaje ta tsaga ƙasa. Babu wanda ke buƙatar a yaudare shi da gobara kafin ya gudu.

Goryo yana cikin lungunan gari yana kora mutane tudu lokacin da igiyar farko ta iso, ta kwashe shi shi ma. Da ƙyar ya samu ya kai ga busasshiyar ƙasa. Da ya isa tudun Haciman ya tarar da kuka ko'ina, wannan na neman uwa, wancan na neman ɗa. Rana ta faɗi, sanyin Disamba, ga duhu. A can ƙasa akwai waɗanda ruwa ya watsar cikin gonaki da tarkacen gidaje, suna da rai amma ba su san ina ne gabas ba. Sai ya ɗebi samari kimanin goma da bakin wuta a hannu suka sake gangarawa. Tarkace ya toshe hanya. A kan hanyar komawa ne ya sa aka cinna wa tarin karan shinkafa da ke jere a gefen gonaki wuta, ɗaya bayan ɗaya, don waɗanda ke cikin duhu su ga inda tudu yake. Bayanin da shi kansa ya bari ya nuna mutum tara ne suka tsira ta wannan haske. Jim kaɗan igiya mafi girma ta zo ta tafi da tarin karan yana ci da wuta.

Mutum tara, ba ɗari huɗu ba. A ƙauye mai mutum dubu ɗaya da ɗari uku da ƴan kai, 36 sun mutu, gidaje 339 sun lalace ko ruwa ya tafi da su. Kuma a ƙarshen Disamba an daɗe da girbi, shi ya sa masana da yawa ke ganin abin da aka ƙone kara ne da aka riga aka sussuke, ba hatsi ba. Kada dai a raina karan: da shi ake tufka igiya, da shi ake saƙa takalmi da tabarma. Amma ba abincin shekara ba ne.

A nan ne labarin da na karanta a rediyo ya ƙare, a nan kuma tambayar dattijon ta fara.

A daren nan Goryo ya je wani haikalin Buda da ke kusa ya aro shinkafa aka dafa aka rarraba dunƙule-dunƙule. Ya wuce ƙauyen maƙwabta ya roƙi mai garin ya ba shi aron hatsin da aka tara na haraji, ya ɗauki alhakin biya a wuyansa. A makonnin da suka biyo ya fitar da shinkafa daga rumbunsa, ya nemi sauran masu hali su yi haka, ya sa aka gina wa marasa galihu gidaje hamsin, ya sayi kayan noma da na su ya raba. Duk wannan sadaka ce, kuma sadaka tana da iyaka. Gonaki sun sha gishiri, yashi da tsakuwa sun binne su. Jirage sun farfashe. Ga harajin masarautar Kishu, wanda da shinkafa ake biya, yana nan yana jira. Mutane suka fara ɗaure kaya. Duk wanda ya ga ƙauyen da fari ko ambaliya ta taɓa ya san yadda abin ke tafiya: masu ƙarfi su ne ke fara fita, su bar tsofaffi, bayan shekara biyu sai kango. Teku ya kashe mutum 36, amma yunwa da rashin aikin yi sun kama hanyar kashe ƙauyen ɗungurungum.

Abin da Goryo ya yi shi ne ya haɗa kai da wani ɗan'uwansa attajiri, Hamaguci Kiciyemon, suka rubuta wa masarauta takardar neman izinin gina jinga a bakin teku, da sharaɗin ba sa neman ko anini daga baitulmali. Aka ba su izini, aiki ya fara a farkon 1855, watanni kaɗan bayan masifar.

Jingar ƙasa ce zalla, aka yi ta bayan tsohon ginin duwatsun Hatakeyama. Tsayinta mita 5, faɗin gindinta mita 20, samanta mita 2, tsawonta wajen mita 600. A gefen teku aka shuka baƙin matsu, itace mai ganye kamar allura da ke jure gishiri, don ya rage ƙarfin ruwa ya kuma tare jiragen da igiya kan jefo cikin gari. A jikin jingar kuma aka shuka haze, wanda ake samun kakin kyandir daga ƴaƴansa, don kuɗin kakin ya riƙa ɗaukar nauyin gyara. Wanda ya yi wannan lissafi ɗan kasuwa ne, kana gani ka sani.

Amma hikimar da ta fi burge ni tana wajen biyan lada. Ba a ɗauko ƴan ƙodago daga waje ba. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin, ɗari huɗu zuwa ɗari biyar a rana, har da mata da yara da tsofaffi, kowa da abin da zai iya ɗauka, kuma ana biyan kowa a ƙarshen yini, ba a ƙarshen wata ba. Idan lokacin noma ya zo sai a dakatar, kowa ya koma gonarsa, in an yi girbi a dawo. Jimillar yinin aikin da aka rubuta 56,736 ne. Mutumin da ya san gobe da yamma za a sa masa kuɗi a hannu ba ya ɗaure kaya. Sannan akwai wata dabara ta biyu: filin da jingar ta hau kai gonaki ne masu nauyin haraji, da suka zama ƙarƙashin jinga sai aka cire su daga lissafin masarauta, nauyin da ke kan ƙauyen ya ragu.

Aikin bai tafi sumul ba. A Nuwamban 1855 wata girgizar ta rugurguza Edo, inda gidan Hamaguci ke da shago kuma inda kasuwar shoyunsu take. Kuɗi suka yi wuya. Duk da haka aka ci gaba har ƙarshen 1858, kusan shekara huɗu, sannan aka tsaya ba tare da an kai tsawon da aka tsara tun farko ba. Wannan gibi zai yi magana nan gaba.

To, daga ina tsohon mai garin nan ya fito? Daga alƙalamin wani baƙo. A watan Yunin 1896 tsunami ta afka wa gaɓar Sanriku a arewa maso gabashin Japan ta kashe mutum kusan dubu 22. Girgizar da ta haddasa ta ba ta da ƙarfi a doron ƙasa, shi ya sa mutane ba su gudu ba. Lafcadio Hearn, marubuci haifaffen Girka ɗan uba Ba'ayirlande, wanda ya zauna a Japan ya auri Bajapaniya, ya ji labarin wannan bala'i, ya kuma ji ƙishin-ƙishin ɗin abin da wani Hamaguci ya yi shekara arba'in da suka wuce. Sai ya gauraya biyun ya rubuta gajeren labari da Turanci, aka buga a littafi a 1897. Ya ɗauko raunanar girgiza daga Sanriku, ya mai da saurayi tsoho, ya ɗora gidansa a tudu, ya mai da kara hatsi, ya ce mutane sun gina masa wurin bauta tun yana raye. Abin da aka riƙe a Hiro shi ne jama'a sun so yin hakan, shi kuma ya ƙi. Labarin yana cikin rubuce-rubucen farko da suka shigar da kalmar tsunami cikin Turanci.

Wani malamin firamare ɗan Yuwasa, Nakai Tsunezo, wanda ya yi karatu a makarantar Taikyu ɗin nan, ya mai da labarin Hearn cikin Japananci mai sauƙi ya shiga gasar ma'aikatar ilimi. Aka zaɓe shi, kuma daga 1937 zuwa 1947 duk ɗan aji biyar a Japan ya karanta shi. Malamin ya san jingar, ya sha wucewa ta kanta. Amma jingar ba ta cikin labarin.

Ba na ganin laifinsu sosai, domin sana'armu ɗaya. Na san abin da minti huɗu ke iya ɗauka. Wuta a cikin duhu tana shiga kunne nan take, shekara huɗu ana jidar ƙasa a kwando kuwa ba ta da daɗin faɗa. Kuma ƙagaggen labarin ya koyar da abu na gaskiya: in ƙasa ta motsa, nufi tudu. Sai dai ya koyar da wani abu mai haɗari tare da shi, wato cewa teku yakan ja da baya kafin ya zo. Wani lokaci yakan ja, wani lokaci kuwa babu sallama. Wanda ya tsaya jiran ganin ƙasan teku yana iya jiran ajalinsa. Ya kuma koya wa yara cewa ceto yana zuwa daga dattijo ɗaya mai hangen nesa, alhali a Hiro mutum ɗari biyar ne suka ɗauki ƙasa a ka.

Jarrabawar jingar ta zo da asubahin 21 ga Disamba 1946, shekara 88 bayan kammala ta, lokacin da Japan ke kwance cikin tokar yaƙin duniya na biyu. Kwazazzabon Nankai ya sake ɓallewa. Igiya mai tsayin wajen mita 4 ta shigo lungun, ta bugi jingar, ta kasa haye ta. Tsohon garin da ke bayanta ya tsira. Amma ruwa ba ya rasa hanya: ya zagaya ta ƙarshen jingar ya bi ta bakin wani ƙaramin rafi, ya afka wa wuraren da aka gina daga baya a wajen kariyarta, makaranta da masana'antar zare da gidajen ma'aikatanta. Mutum 22 suka mutu. Duk mai son ya ce jingar ta yi nasara yana da hujja, mai son ya ce ta sa mutane sun saki jiki sun yi gini inda bai kamata ba shi ma yana da tasa.

Shi Goryo bai ga wannan rana ba. Bayan jingar ya sa kuɗinsa a yaƙi da kwalara a Coshi, ya taimaka aka sake gina cibiyar rigakafin agana ta Edo da gobara ta cinye a 1858. Da mulkin shogun ya faɗi, sabuwar gwamnati ta naɗa shi shugaban harkar gidan waya a 1871, bai daɗe ba ya sauka, daga baya ya zama shugaban farko na majalisar jihar Wakayama. Burinsa tun yana saurayi ya ga ƙasashen waje. Sai da ya tsufa ya samu tafiya, ya rasu a birnin Niyok a 1885.

Hirogawa ta yau gari ne na lemu da kifi. Gangaren duwatsun yankin Arida an sassare su hawa-hawa an tokare da duwatsu, an shuka mikan, ƙaramin lemu mai saukin ɓarewa da ake girba daga kaka zuwa hunturu, wanda sunan Arida ya yi fice da shi a duk Japan. A lungun teku ana kamun shirasu, jariran kifi farare ƙanana da ake dafawa a zuba a kan shinkafa. Matsalar garin ita ce ta yawancin ƙauyukan ƙasar: samari suna tafiya Osaka da birnin Wakayama, haihuwa ta ragu, masu hawa gangaren lemu sun tsufa. Abin da Goryo ya tare da kuɗin yini a 1855 yana faruwa yanzu a hankali, ba tare da wata igiya ba, kuma babu jingar da ke tare shi.

Tsohon gidan Hamaguci an mai da shi gidan tarihi a 2007, an gina cibiyar koyar da kariya daga tsunami a gefensa. Bayan bala'in 11 ga Maris 2011, majalisar Japan ta kafa dokar ranar tsunami ta ƙasa, ba ta zaɓi ranar da dubbai suka mutu ba, ta zaɓi ranar Hiro. A Disamban 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da ita ta duniya. Wani abin dariya, 5 ga Nuwamba kuskuren kalanda ne da aka yi da gangan. A lokacin Japan da watan sama take lissafi, abin ya faru ran 5 ga wata na goma sha ɗaya, wanda ya yi daidai da 24 ga Disamba. Mu da muke riƙe da kalanda biyu a bango ɗaya mun san irin wannan. A wannan shekara ta 2011 kuma labarin ya koma littafin ƴan aji biyar bayan shekara sittin da ƴan kai, a sabon rubutu wanda ya mai da hankali ga ginin jingar.

Babu wanda ke yaudarar kansa a garin cewa mita 5 ta isa. Kafin farkon 2025 gwamnati ta yi shekaru da dama tana cewa yiwuwar babbar girgizar Nankai cikin shekara talatin ta kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, kuma a hasashe mafi muni ruwan da zai shigo lungun ya fi jingar tsayi nesa ba kusa ba. A watan Agustan 2024 aka fitar da gargaɗin farko irinsa a kan kwazazzabon, mako guda mutanen gaɓar suna kwana da jaka a bakin ƙofa. A matsayina na mai aikin makirfo, abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda masu karanta labarai na NHK suka sauya murya bayan 2011. An gano cewa lallausar muryar da aka san su da ita tana sa mai sauraro ya ɗauka da sauran lokaci. Yanzu in an ba da gargaɗin tsunami umarni suke bayarwa da ƙarfi, kamar uwa ta ga ɗanta a bakin rijiya. Duniya ta ji haka ranar 1 ga Janairun 2024 a girgizar Noto.

Tun 1903 mutanen Hiro ke yin wani taro a bakin jingar kowace shekara don tunawa da waɗanda suka mutu. A watan Oktoba kuma akwai sabon biki na masu yawon buɗe ido, ana ɗaukar bakin wuta a yi jerin gwano daga tsakiyar gari zuwa tudun Haciman. Wannan shi ake ɗauka a hoto. A tsohon taron kuwa, na Nuwamba, ƴan makaranta ne ke zuwa da ƙasa su zuba a kan jingar, kowa ɗan abin da hannunsa ya ɗauka.

Da shekara ta zagayo na nemi minti ashirin maimakon huɗu, aka ba ni goma sha biyu. Na fara da neman afuwa, na ba da labarin yadda na ba ku shi yanzu, har da adadin yinin aiki. Dattijon ya sake kira, na gane muryarsa tun daga sallama. Ya ce, "Ɗana, ka ce kullum da yamma ake biyan su?"

Na ce, "Haka aka rubuta, Baba."

Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ya tambaye ni ko itacen kakin nan zai yi a ƙasarmu.